Canji Ko Musaya? Sharhi A Kan Fassarar Kalmar "Swap" Da Danginta, Da Misali Daga Birnin Tudu

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi sharhi a kan yadda masu fassara da 'yan jarida da malaman makaranta suke juyar da wata 'yar gajeruwar kalma ta Ingilishi, watau "swap", tare da danginta biyu, "exchange" da "change", zuwa Hausa. Mai yiwuwa ne wani daga cikin mahalarta wannan taro ya ce ai wannan ƙaramin al'amari ne, bai kai a tara malamai a kansa ba, tun da kowane ɗan firamare ya san "canji", kowane mai sauraron rediyo kuma ya saba da "musaya". To, amma a ganinmu sabon nan da aka yi da kalmomin shi ne ya sa ba a tsayawa a auna su. Za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa ana tafka kurakurai iri biyu. Na farko, a sa "canji" a inda mutum biyu suka yi mu'amala da yardar juna, sai yardar ta ɓace daga maganar. Na biyu, wanda ya fi muni, a sa "musaya" a inda mai iko ne ya zartar da hukuncinsa a kan marar iko, sai kalmar ta ara wa al'amarin wata yarda wadda ba a yi ta ba. Za mu auna wannan ra'ayi da abubuwan da suka faru, musamman canjin kuɗi na 2023 da rikicin gonakin Bakolori na 1980.

2. Ma'anar kalmomin a Ingilishi

A tsohon Ingilishi na shekaru ɗari shida ko bakwai da suka wuce, kalmar da ta zama "swap" tana nufin bugu ne ko mari. Sai a ƙarni na 16 ta ɗauki ma'anar ba-ni-in-ba-ka, kuma masana tarihin kalmomi suna ganin hakan ya samo asali ne daga tafa hannu da masu ciniki suke yi in sun daidaita. Wannan asali yana da amfani a gare mu, domin hannu ɗaya ba ya tafi. A yau ma in Bature ya yi amfani da kalmar a kan mu'amala tsakanin mutane, abin da yake nufi shi ne kowanne ya miƙa nasa ya karɓi na ɗan'uwansa, galibi ba tare da kuɗi sun shiga tsakani ba, kuma galibi nan take.

Su kuwa "change" da "exchange" uwarsu ɗaya. Sun shiga Ingilishi ta hanyar Faransanci daga wata kalmar Latin mai nufin cinikin kaya da kaya. Daga baya suka rabu. "Exchange" ta riƙe ma'anar bayarwa da karɓa, ta zama kalmar hukuma da banki da shari'a. "Change" kuwa ta faɗaɗa har ta shafi kowane irin sauyi, ko da mai karɓa ko babu, kamar sauyin yanayi ko na shugabanci ko na tufa. Abin lura a nan shi ne, cikin ukun nan wadda Hausa ta ara ita ce wadda ta fi kowacce faɗi, watau wadda ba ta buƙatar ɓangare na biyu.

3. Zaman "canji" a Hausa

Ba mu cikin masu cewa a kori "canji" don baƙuwa ce. Ta daɗe da zama 'yar gida, kuma akwai hujja ta nahawu a kan haka. A Hausa "z" takan koma "j" in ta zo kafin "i" ko "e", kamar yadda ake cewa kaza amma kaji, ko ciza amma ciji. Da Bahaushe ya ji "canji", sai kunnensa ya ɗauka cewa "j" ɗin nan asalinta "z" ce, ya ƙago aikatau "canza", wanda babu kamarsa a Ingilishi, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da "canja". Kalmar da harshe ya yi wa irin wannan aiki ta wuce a kira ta baƙuwa.

Tarihin ƙasar nan ma ya ɗora mata kaya. A watan Afrilu 1972 aka yi canjin hannu, motoci suka koma bin dama. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka yi canjin kuɗi, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, naira 2 a bakin fam 1. A watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta canza launin takardun naira, ta rufe kan iyakoki, ta ba mutane 'yan kwanaki kaɗan su kai nasu banki. A zaɓen 2015 "canji" ta zama taken jam'iyyar APC. In muka jera waɗannan sai mu ga abu guda: a bakin talaka, "canji" irin na hukuma abu ne da ake wayi gari a ji an yi. Ba a shawara da shi, sanar da shi ake yi.

Akwai kuma "canji" na kasuwa, watau ƙananan kuɗi ko ragowar da mai saye yake karɓa, da sana'ar 'yan canji irin ta Wapa a Fagge, Kano. Nan kam akwai ɓangare biyu, kuma malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da shimfiɗa wa wannan mu'amala sharaɗi a babin sarfu, cewa lalle ta kasance hannu da hannu, ba jinkiri. Saboda haka ba mu ce "canji" ba ta taɓa ɗaukar ɓangare biyu ba. Abin da muka ce shi ne ba ta wajabta shi ba.

4. Abin da Hausa take da shi tun can

Kafin zuwan Turawa Hausawa suna da kalmomi da dama a wannan fage, kowace da gurbinta. "Furfure" shi ne cinikin kaya da kaya, kamar yadda Bafilatana takan ba da nono ta karɓi hatsi. "Sauyi" na abu ɗaya ne da ya juya daga hali zuwa hali. "Madadi" da "maye gurbi" suna nuna an sa wani abu a wurin wani. "Diyya" biya ce ta ɓarnar da aka riga aka yi. "Fansa" ita ce abin da ake bayarwa don a kuɓutar da wanda ke hannun wani. "Musaya" kuwa, ko "musanya", ita ce ta fi kusa da "swap". Karin maganar nan, ba ni gishiri in ba ka manda, ta bayyana ta sarai: kowa yana da nasa, kowa yana son na wani.

Al'adar kasuwa ta ƙara mana haske. In mutum biyu za su yi musayar dawaki ko kekuna, ko wayoyin hannu kamar yadda ake yi yanzu a kasuwar Farm Centre ta Kano, inda samari suke faɗin kalmar Ingilishin kanta, sukan duba kayan juna, in ɗaya ya fi ɗaya a yi maganar ciko. Wanda bai gamsu ba yana da damar ya ce albarka, ya tafi da abinsa. Wanda ya gamsu ya ce ya sallama. Daga nan muke fitar da sharuɗɗa huɗu na musaya a wurin Bahaushe: ɓangare biyu kowanne da mallakarsa, damar ƙi, daidaito, ko ciko in babu shi, da kuma karɓa a lokacin da aka bayar.

Wani zai iya ƙalubalantarmu da cewa ai ana cewa "an musanya mini takalmi a masallaci", alhali mai takalmin bai yarda ba. Wannan gaskiya ne, kuma yana tilasta mu mu ƙara tace magana. Yardar ba a cikin saiwar kalmar kaɗai take ba, tana cikin ginin jimlar. In aka ce "mun yi musayar gona" ko "na yi musaya da shi", duk ɓangarorin biyu masu aikatawa ne. In aka ce "an musanya mini" ko "an canza mana", ko "an canza muna" kamar yadda ake faɗi a Zamfara da Sakkwato, mai aikatawa ya ɓuya cikin "an", mai magana kuwa ya zama wanda aka yi wa. Ƙamusoshinmu na Ingilishi zuwa Hausa sukan jera kalma a gaban kalma, ɗalibi kuma ya ɗauki ta farko ya wuce. Abin da ya fi buƙata shi ne a nuna masa ginin jimla.

5. Gwaji na farko: kuɗi

A watan Afrilu 2018 Babban Bankin Nijeriya da na ƙasar Sin suka ƙulla yarjejeniyar da a Ingilishi ake kira "currency swap", ta yuwan biliyan 15 a bakin naira biliyan 720. Bankuna biyu ne, kowanne da kuɗinsa, kowanne yana da ikon ya ƙi. "Musayar kuɗi" ita ce fassarar da ta dace. Mai fassarar da ya ce "canjin kuɗi" a nan zai sa mai sauraro a ƙauye ya zaci za a sake takardun naira ne, ya fara tunanin abin da ya ajiye a ɗaki. Wannan shi ne kuskure na farko.

A watan Oktoba 2022 Babban Bankin ya ba da sanarwar sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fito ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. A cikin Janairu bankin ya fito da wani shiri na karkara mai suna "cash swap", inda wakilai za su karɓi tsofaffin takardu su ba da sababbi har na naira 10,000 ga mutum ɗaya. Sunan yana nuna hannu da hannu. Amma abin da mutane da yawa suka gani a wannan lokaci shi ne sun kai kuɗinsu banki, an rubuta musu a asusu, sababbin takardun kuwa sun yi wuyar samu, har ta kai ana sayen naira da naira. Jihohin Zamfara da Kaduna da Kogi ne suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki.

In muka ɗora sharuɗɗanmu huɗu a kan wannan, za mu ga babu damar ƙi, babu kuma karɓa a lokacin bayarwa. Jama'a ba su kira shi musaya ba, "canjin kuɗi" suka ce, suka haɗa shi da na 1984. A nan bakin kasuwa ya fi takardar hukuma daidai. Mai fassarar da ya bi ƙamus ya ce "musayar kuɗi" ya juyar da sunan shirin daidai, amma in ya shimfiɗa kalmar a kan dukan abin da ya faru, ya ba da labarin da ba haka yake ba.

6. Gwaji na biyu: gonakin Bakolori

An fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, aka gama a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Lokacin da aka gama aikin yankin yana cikin Jihar Sakkwato, domin sai a 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Aikin ya taɓa mutane kashi uku. Akwai na wajen Maradun, waɗanda tafkin ya cinye gidajensu da fadamunsu, aka tashe su aka mai da su sababbin matsugunai a kan tudu. Akwai na yankin noman rani, wajen Talata Mafara da Bakura, waɗanda aka karɓe gonakinsu don a baje ƙasa a haƙa hanyoyin ruwa, aka sare itatuwansu na amfani, wasu suka rasa damina fiye da ɗaya, bisa alkawarin za a sake raba musu filaye. Akwai kuma na ƙasa da madatsar, waɗanda ambaliyar da take ciyar da shinkafarsu ta ragu. Masana irin su Björn Beckman da W. M. Adams sun yi rubutu mai zurfi a kan wannan aiki a shekarun 1980.

A takarda, abin da aka tsara wa kashi na farko da na biyu yana kama da musaya: ka ba da fili, a ba ka fili. To, bari mu auna. Manomin ba shi da damar cewa albarka, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha, ta kuma ɗora diyya a kan abin da mutum ya gina ko ya shuka, ba a kan ƙasar kanta ba. Daidaito ma babu, domin kowane manomi ya san eka ɗaya ta fadama da eka ɗaya ta jigawa a awo kaɗai suke ɗaya. Fadama tana ba da shinkafa da damina, ta ba da lambu da rani. Jigawa sai abin da ruwan sama ya yi. Da musaya ce ta kasuwa, da an yi maganar ciko kafin a tafa. Game da lokaci kuwa, an karɓa yau, bayarwa sai bayan shekaru, kuma rabon da biyan diyyar sun zo da jinkiri da ƙorafin cewa ba a ba masu haƙƙi daidai ba.

Manoman suka fara tare hanyoyin aikin. A watan Nuwamba 1979 Gwamna Shehu Kangiwa ya yi alkawarin duba kukansu. A ƙarshen watan Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa masu zanga-zangar a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kusa. Adadin mamatan da gwamnati ta bayar bai kai 30 ba. Wasu masu bincike sun ce sun haura 380.

Ba muna cewa kalma ce ta jawo wannan ba. Abin da ya jawo shi ƙasa ce da abinci da iko. Amma duk malamin tarihi ko ɗan jaridar da zai ba da labarin nan da Hausa tilas ya zaɓi kalma, kuma zaɓinsa hukunci ne. In ya rubuta "an yi musayar gonaki da manoma", ya sa manoman cikin masu aikatawa, mai karatu kuma zai tambaya: to, me ya sa suka tayar da hankali bayan sun sallama? In ya rubuta "an canza musu gonaki", ya kusa da gaskiya, sai dai ya ɓoye wanda ya yi, ya kuma ɓoye asarar. Jimlar da ta dace ta fi tsawo: hukuma ta karɓe gonakinsu, ta yi alkawarin ba su madadi da diyya. "Madadi" ba ta da'awar daidaito, "diyya" kuwa tana amsa cewa an yi ɓarna. Wannan magana ba ta tarihi kaɗai ba ce, domin daga 2014 Bankin Duniya ya sa kuɗi a wani shiri na gyaran ayyukan noman rani wanda Bakolori take ciki. Duk irin wannan aiki yana zuwa da takardun Ingilishi waɗanda wani zai tsaya a gaban manoma ya juya musu.

7. "Musayar wuta" da "musayar fursunoni"

Gidajen rediyo sun ba mu "musayar wuta" da "musayar ra'ayi", waɗanda aka gina a kan salon Ingilishi, kuma sun zauna. Ba mu da ja a kansu in an sa su a muhallinsu. Amma "musayar wuta" tana tabbatar da cewa ɓangarorin biyu sun yi harbi. In ɓangare ɗaya ne yake da bindiga, sai a ce an buɗe wa mutane wuta. A jiha irin Zamfara, inda labarin harin 'yan bindiga ya yawaita a shekarun nan, wannan bambanci shi ne tsakanin faɗa da kisa.

Haka nan, a watan Mayu 2017 aka sako 'yan matan Chibok 82, gwamnati kuma ta saki wasu 'yan Boko Haram da take tsare da su. Jaridun Ingilishi sun kira shi "swap". In muka ce "musayar fursunoni", mun mai da 'yan makarantar da aka sace fursunoni, mun daidaita su da waɗanda aka kama da laifi. Hausa tana da "fansa", wadda take nuna cewa ɗaya yana riƙe da abin da ba nasa ba, ɗayan kuma dole ce ta sa ya bayar. An fanso 'yan matan, shi ne abin da ya faru.

8. Kammalawa

Mun ga cewa "canji" kalma ce mai faɗi wadda ba ta wajabta ɓangare na biyu ba, "musaya" kuwa, musamman a ginin "yi musaya da", tana ɗauke da yarda da daidaito da hannu da hannu. Ba mu neman a kafa wa jama'a doka. Mun riga mun nuna cewa a 2023 jama'a sun fi hukuma iya zaɓen kalma. Kiranmu ga masu alƙalami ne. Muna ba da shawara cewa a darasin fassara na kwalejojin ilmi da jami'o'i a koya wa ɗalibi, duk inda ya haɗu da "swap" ko "exchange", ya tambayi kansa su wane ne ɓangarorin, ko kowanne yana da damar ƙi, ko abin da aka bayar ya kai abin da aka karɓa, da kuma yaushe aka karɓa. In amsoshin sun cika, ya rubuta "musaya". In ba su cika ba, ya duba "canji" da "madadi" da "diyya" da "fansa", ko ya warware jimlar ya faɗi wanda ya yi da wanda aka yi wa, yana mai bayyana sunan da hukuma ta ba abin in da buƙata. Muna kuma kira ga masu shirya ƙamus, musamman Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, da su ba waɗannan kalmomi misalai na cikakkun jimloli a duk bugun da za a sake. A ƙarshe muna ganin akwai aiki a gaban malaman da ke Talata Mafara da Bakura da Maradun: su zauna da dattawan da suka ga 1980, su ɗauki maganarsu da karin harshensu, a ji wace kalma su da kansu suke kiran abin da aka yi wa gonakinsu.